Jarkar ruwa ce ta fasa min faya a wata bakwai?

Saƙon da ya shigo wannan satin:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 24. Bara ina da cikin fari wata bakwai, a katin awo an rubuta sati 30, mai ruwa ya kawo ruwa ya jere a tsakar gida ba kowa a gidan sai na ɗauki jarka ɗaya zan kai banɗaki, ina direwa naji ruwa mai ɗumi yana bin ƙafata. Na ɗauka fitsari ne. Maƙociyata tace zaƙi ne ta haɗo min maganin zaƙi ina sha, ruwan yana ta zuba kaɗan-kaɗan har kwana biyu, rana ta uku zazzaɓi ya rufe ni aka kaini asibiti, a daren na haifi namiji, kwanansa huɗu a kwalba Allah ya karɓi abinsa. Har yau Hajiyar mijina in magana ta taso sai tace ai ta hanani aikin ƙarfi naƙi ji. Shi kuma maigidan gani yake laifinsa ne saboda ya kusanceni a daren kafin abun ya faru. Yanzu ina da ciki wata uku, wlh ko atishawa tsoro nake, a kwance nake wuni, sallah a zaune nake yi, na hanashi zuwa kusa dani. Anti ni na kashe ɗana? Kuma in ci gaba da kwanciya har in haihu ko yaya zanyi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa mai ceto ne, ya ƙara miki haƙuri, wannan kuma Allah ya raba lafiya.

Ba ke kika kashe ɗanki ba. Kuma ba wai dan in kwantar miki da hankali na faɗa ba, ni aikina ɗakin haihuwa ne, fayar da na riƙe da hannuna ban san adadinta ba, lafiyayyar faya a sati 30 jarkar ruwa ba ta fasa ta. Zan miki bayanin dalili dalla-dalla dan kiji a ranki kin yarda, tunda shekara guda kenan ana ce miki kiyi haƙuri kuma haƙurin bai cire miki zargin kai ba.

Kinsan tantanin nan da ke cikin ɓawon dafaffen ƙwai? Toh kusan haka jakar da jariri ke kwance ciki take, sai dai ita ninki biyu ce kamar riga mai shafi. Duk haihuwar da muka karɓa sai mun baje mabiyiya mun duba ta tare da tantanin da ke jikinta ko wani abu ya rage a ciki, kuma da yatsa ma ana iya raba ninkin biyun. Na ciki wanda ke taɓa ruwan shi ake kira amniyon, garai-garai yake yana sheƙi kamar sabuwar leda. Na waje wanda ke manne da bangon mahaifa shi ne koriyon, ya fi kauri ya fi kaushi. Su biyun in an haɗa kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba. Abun mamakin shi ne siririn nan na ciki shi ke ɗauke da mafi yawan nauyin, mai kaurin kuwa ba shi da wani ƙarfin kirki. Ƙarfin amniyon daga wasu zarurruka yake da ake kira kolajin, irin wanda ke cikin jijiya da fata, an sarƙe su ta ko'ina kamar saƙa, in an ja su da farko suna miƙewa a hankali su bada kai, da an ƙara ja sai su miƙe sak su yi tauri su ƙi tafiya, wato iya matsin da aka masa iya turjiyar da zai yi. A tsakanin ninkin biyun kuma akwai wani abu mai yauƙi kamar kuɓewa da ke sa ɗaya ya zame kan ɗaya, shi yasa yaro zai yi ta harbi da juyi wata da watanni ba abun da ke yagewa.

Sannan jakar nan ba a rataye take a iska ba. Ki ɗauki ledar fiya wata ki cusa a kofin da ya kama ta cif, ki danna ta sama da iya ƙarfinki, da ƙyar ta fashe, saboda bangon kofin ne ke karɓar matsin. Haka mahaifa ta rungume faya ta kowane ɓangare. In kinyi tari ko atishawa ko kin ɗaga kaya matsin cikin ciki yana ƙaruwa gaskiya ne, amma tsokar mahaifa ce ke tare shi. Wuri ɗaya ne kawai jakar za ta iya rasa abun jingina, wato ƙasa, ta bakin mahaifa, shi ma sai in ya soma gajarcewa ko buɗewa. Kuma iya faɗin ƙofar iya jan da tantanin ke sha, leda ɗaya ki ɗaure a bakin kwalba ki kife za ta riƙe ruwan, ki ɗaure irinta a bakin bokiti ki kife ki gani.

Ki tuna ma da naƙuda kanta. Matsin da ke cikin mahaifa lokacin da naƙuda ta kankama yana ninka na zaman lafiya sau huɗu sau biyar, kuma yana dawowa duk bayan minti biyu ko uku na tsawon awanni, amma sau nawa mace za ta kai buɗewar santimita takwas tara faya na nan daram sai mun sa ƙarfe mai ɗan ƙugiya mun huda ta da kanmu? Akwai ma yaran da ake haifa a cikin rigarsu ba ta fashe ba sam. Abun da ya jure wannan kike tunanin lita 25 ta yaga?

Toh in haka ne me ke fasa ta in lokaci yayi? Jiki ne da kansa ke sassauta ta. A 1994 wasu masu bincike biyu a Lesta ta Ingila, Malak da Bell, suka nuna akwai wani fili a jikin faya daidai saitin bakin mahaifa da ƙirarsa ta bambanta da sauran, zarurrukan sun kumbura sun warwatse. Daga baya masu bincike a Kilibilan ta Amurka ƙarƙashin John Moore suka riƙa karɓar fayar matan da aka yiwa tiyata kafin naƙuda ta fara, su yanka gutsi-gutsi su ɗame a wani inji kamar fatar kalangu, su danna da wani ƙarfe mai mulmulallen kai har ta huje suna auna ƙarfin da aka sa, sai suka tarar wancan filin na saitin bakin mahaifa ƙarfinsa kusan rabin na sauran wuraren ne, tun naƙuda ba ta zo ba. Har yadda take fashewa sun kalla, ninkin biyun suna miƙewa tare, sai su rabu da juna, sai na wajen ya fara yagewa, na cikin ya ƙara miƙewa shi kaɗai, sannan shi ma ya tafi. Akwai wasu sinadarai a jiki da aikinsu datse zaren kolajin ne kamar almakashi, akwai kuma masu riƙe musu hannu, a ƙarshen ciki sai masu almakashin su rinjaya a daidai wannan wurin. Ikon Allah, an shirya ƙofar tun kafin a buƙace ta.

Faya ta wata bakwai kuwa a ka'ida ta fi ta wata tara ƙarfi, tunda ba a fara wannan sassautawar ba. Dan haka in ta fashe a sati 30 ma'anarsa wani abu ya tada almakasan nan kafin lokacinsu, kuma ya ɗau kwanaki ko satittika yana ci a ɓoye. Kamar igiyar guga ce da ta daɗe tana ruɓewa, ranar da ta tsinke sai a ce wance ce ta ja da ƙarfi, alhali da ba ita ta ja ba ta bayanta za ta tsinkewa. Da ba ki ɗau jarkar nan ba da wataƙila a kan tabarma za ta same ki, ko kina barci, kuma wlh da yawan matan da ke zuwa mana abun da suke cewa kenan, ina kwance kawai na farka na ganni a jiƙe. Su ba su da jarkar da za su ɗorawa laifi sai su ɗorawa mayu ko kishiya.

Babban mai wannan ɓarnar shi ne ƙwayoyin cuta da ke hawowa daga gaba su bi ta bakin mahaifa su zauna daidai ƙasan jakar. Jiki yana tura sojojinsa su yaƙe su, a cikin yaƙin ne ake sakin sinadaran da ke cinye kolajin. In an ɗebi ruwan matan da fayarsu ta fashe da wuri an gwada, kusan ɗaya cikin uku ana samun ƙwayoyin cuta a ciki tun a lokacin, kuma da yawansu ba ƙaiƙayi ba wari ba zazzaɓi, dan haka kar ki ce ai ni bani da sanyi, kar kuma ki ɗauka ƙazanta ce, mace mai tsafta ƙal ma yana samunta. Na biyu shi ne zubar jini a bayan mabiyiya ko tsakanin faya da bangon mahaifa, ko da ɗan kaɗan ne, saboda sinadarin da ke daskarar da jini, turombin, shi ma yana tada almakasan. Ki tuna ko kin taɓa ganin ɗigon jini a wancan cikin, in eh ki faɗawa likita. Sai gajeren bakin mahaifa ko wanda ke buɗewa shiru ba ciwo, wanda shi ne maganar bokitin can. Sai mahaifar da ta cika ta ɗame fiye da kima kamar cikin tagwaye ko ruwa yayi yawa. Sai taba sigari. Akwai ma waɗanda kolajin ɗinsu gaba ɗaya mai rauni ne tun halitta amma su ba su da yawa. Wasu kuma a bincika sama da ƙasa ba a ga komai ba. Ana zaton wuta a maƙera ne ƙanwata, ke da Hajiya duk kun zubawa jarka ido.

Kuma ba ke kaɗai bace, a cikin kowane ciki ɗari ana samun biyu zuwa uku da faya ke fashewa kafin sati 37, kuma kusan ɗaya cikin uku na duk bakwainin da ake haifa ta wannan hanyar suke zuwa.

Maigidan naki ki karanta masa wannan. A cikin da yake lafiya, ba zubar jini, mabiyiya ba ta tare hanya ba, bakin mahaifa a rufe, binciken da aka yi bai nuna kwanciyar aure tana fasa faya ba. Da tana fasawa da ɗakin bakwaini bai ishi kowa ba a garin nan. Ya sauke wannan kayan daga kansa. Abu ɗaya dai, in an gwada ki an samu cutar da ake ɗauka ta saduwa toh tare za ku sha magani, kar ki sha shi ya ƙi.

Yanzu ga wurin da ba zan miki ƙarya ba, kwana biyun nan da aka yi a gida. Shi ne inda da an sani da an yi wani abu. Ban ce da kin je yaron zai rayu tabbas ba, rai na Allah ne kuma ɗan sati 30 ko a babban asibiti yana cikin haɗari, amma da an samu damar taimaka masa. Kuma ba ki yi dan sakaci ba, cikin fari ne, kin tambayi wadda ta girme ki ta baki amsar da ita ma aka bata. Maganar zaƙin nan ce ke ƙona min rai wlh. Duk abun da ya fito wa mai ciki ta gaba sai a ce zaƙi ne, a jiƙa saiwa a bata ta sha wai ya ƙarasa fita. Eh akwai farin ruwa mai kauri ko majina mai yauƙi da ke ƙaruwa a ƙarshen ciki, wannan daban. Amma ruwa tsararo kamar na famfo, mai ɗumi, wanda ba ki iya matse shi ya tsaya kamar fitsari, ba shi da zarnin fitsari, kin canza zani ya sake jiƙewa, in kin tashi daga kwance ko kinyi tari ya ƙaru, wannan faya ce har sai asibiti sun ce ba ita bace.

Kuma abun da ke ruɗar mata shi ne ba ciwo. Amniyon ba shi da jijiyar jin zafi, ba shi da hanyar jini, shi yasa yagewarsa ba a ji, shi yasa kuma ba ya warkewa kamar yankan fata, da wuya ramin da ya buɗe da kansa ya toshe. Ruwan kuma ba ƙarewa yake ba, a rabin ciki na biyu mafi yawansa fitsarin jaririn ne, yana yi yana haɗiya yana sake yi, dan haka zai yi ta ɗiga kwana da kwanaki mace tana cewa ai da faya ce da ta zube gaba ɗaya. Alhali tunda ƙofa ta buɗe ƙwayoyin cuta sun samu hanya kai tsaye zuwa wurin yaro, zazzaɓin da ya rufe ki rana ta uku shi kenan, cutar ta kama jakar da ruwan.

Da kin isa asibiti ranar farko ga abun da ya kamata a yi, kuma ki riƙe shi dan gaba. Ba a sa yatsa a duba mace mai fasasshiyar faya in ba naƙuda take ba, saboda yatsa yana tura cuta ciki yana kuma gaggauta haihuwa, da ƙarfen dubawa mai tsafta ake leƙawa a ga ruwan ya taru, wani lokaci a ɗiga a wata 'yar takarda da ke canza launi, a yi sikanin a ga yawan ruwan da ya rage da kwanciyar yaro. Sai a kwantar da ke a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda aka fi sani shi ne eritromaisin na kwana goma, wannan ya fito ne daga wani babban gwaji mai suna ORACLE da aka wallafa a 2001 da mata fiye da 4,000, wanda kuma ya nuna haɗin nan da aka fi sani da Augmentin yana ƙara haɗarin wani mugun ciwon hanji ga bakwaini, shi yasa nake roƙon mata kar a aika yaro kemis a ce a bada maganin sanyi, maganin da ya yi miki aiki bara zai iya cutar da jariri bana. Sai allurar ƙwarin huhu, deksametason, guda huɗu duk bayan awa 12, ana yi tsakanin sati 24 zuwa 34. Asalin gano ta wani likita ne a Niyuzilan, Liggins, yana bincike kan tumaki ya lura 'ya'yan da aka haifa da wuri bayan an basu irin wannan maganin tun suna ciki huhunsu na buɗewa, suka gwada irinta a mata, sakamakon ya fito a 1972. Kuma kar a ce abun Turawa ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwada ta a asibitocin Najeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladash, sakamakon ya fito a 2020 ya nuna tana rage mutuwar bakwaini a irin asibitocinmu. Allurar tana son a samu kamar kwana ɗaya zuwa biyu kafin haihuwa ta yi cikakken aiki, kinga kwana biyun can kenan. In haihuwa ta matso kafin sati 32 ana ƙara maganiziyam salfet, wadda ake yiwa masu jijjiga, dan kare ƙwaƙwalwar yaro. Kusan rabin mata suna haihuwa cikin sati guda bayan fashewar, wasu suna jan sati biyu uku har fiye, kuma kowace rana a ciki riba ce matuƙar ba cuta. Da an ga zazzaɓi ko ruwan ya fara wari ko mara na ciwo in an taɓa ko bugun zuciyar yaro ya ƙaru, toh zama ya ƙare, fito da shi ya fi barinsa.

Toh wannan cikin na yanzu. Gaskiya wadda ta taɓa yi ta fi wadda ba ta taɓa ba haɗarin maimaitawa, amma a cikin goma bakwai ko takwas ba ya sake faruwa da su. Ki tashi daga kwanciyar nan dan Allah. An gwada kwanciyar dole ba a ga tana hana haihuwar bakwaini ba, abun da take jawowa shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa wanda shi kansa yana kisa, ga mutuwar jiki ga tunani, ke kaɗai a ɗaki kina kallon silin kina ƙirga kwanaki. Kiyi girkinki, kiyi shara, ki taka zuwa maƙota, ruku'u da sujada ba sa taɓa faya. Jarka kam ki barwa mai ruwa ya ƙarasa da ita banɗaki, saboda bayanki da kuma santsi, ki ƙara masa ɗan wani abu.

Ƙarfin da kike kashewa wurin tsoro ki maida shi nan. Ki fara awo satin nan, ba sai wata biyar ba yadda aka saba, kuma a asibitin da ke da likitan mata da ɗakin jarirai mai kwalba, irin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko babban asibitin da ya fi kusa da ke. Ranar farko ki buɗe baki ki faɗa, faya ta ta fashe a sati 30 a cikin baya, na yi zazzaɓi, yaron bai zauna ba. Kar ki ce ɓari nayi, kar ki ce ba komai dan kunya ko dan layi yayi tsawo, wannan jimlar ita ke canza irin kulawar da za a baki. In takardun wancan asibitin suna nan ki tafi da su. Ki nemi a miki gwajin fitsari irin wanda ake kwana biyu uku kafin sakamako ya fito, saboda cutar mafitsara tana zama shiru a mai ciki kuma maganinta sauƙi gare shi. Duk wani ruwa mai ƙarni ko ƙaiƙayi ki kai a duba, banda matsi, banda tsarki da jiƙe-jiƙe ana turawa ciki, banda duk wani haɗin da ake saidawa a Facebook da WhatsApp, gaban mace yana da nasa ƙwayoyin masu gadi kuma waɗannan abubuwan su suke fara kashewa.

Mafi muhimmanci, tsakanin sati 16 zuwa 24 a riƙa auna tsawon bakin mahaifarki da sikanin ɗin da ake yi ta gaba, na kan ciki ba ya nunawa da kyau, kuma kar ki ji tsoro ba ya taɓa cikin. In ya gaza milimita 25 akwai abun yi, ko maganin furojestaron da ake sawa ta gaba kullum da dare, ko a ɗaure bakin mahaifa da zare kamar bakin jaka a kwance shi wajen sati 36 zuwa 37, likita ne zai zaɓa gwargwadon abun da ya gani. Kinga wannan shi ne ainihin maganin matsalar bokitin, a hana ƙofar faɗaɗa dan jakar ta samu abun jingina. In an ga ya gajarce ko an ɗaure toh a lokacin ne likita zai iya cewa maigida ya dakata, kafin nan ba dalilin horar da bawan Allah. Ki sha Fansidar ɗin da ake bayarwa a awo duk wata, ki kwana a gidan sauro, ki sha maganin ƙarin jini, dan maleriya da ƙarancin jini suma suna jawo bakwaini ta tasu hanyar. Za ki ji ana cewa bitamin C yana ƙarfafa faya tunda da shi jiki ke haɗa kolajin, maganar tana da daɗin ji amma da aka gwada ƙwayoyin a dubban mata ba su hana komai ba, ki sha lemo da gwaba dan daɗinsu kawai.

Hajiya kuma kar ki yi musu da ita, ita ma jikanta ta rasa kuma mutum in ya rasa abu yana neman inda zai ajiye zafin. Ɗanta ne zai mata magana ba ke ba. Dabarar da na ga tana aiki ita ce ki roƙe ta ta raka ki awo sau ɗaya, ki sa likita ko malamar awo ta maimaita wannan bayanin a gabanta, abun da ba za ta karɓa daga bakin suruka ba za ta karɓa daga mai farin kaya, kuma daga ranar kin samu mai tsaya miki in an zo da maganar zaƙi.

Ku zauna da maigida tun yanzu ku ware kuɗin mota a ajiye daban, ku samu lambar mai adaidaita ko maƙocin da ke da mota wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare, ya kuma baki izini tun yau cewa ko baya nan ki tafi. Ranar da kika ji ruwa, ko kina shakka, ki duba agogo ki riƙe lokacin, ki sa audugar mata mai tsafta dan a ga launinsa, kar ki shiga baho, kar a sa komai ciki, kar a kira ungozoma ta duba da hannu, ki kama hanya. In ruwan kore ne ko da jini ko motsin yaro ya ragu ki faɗa tun daga bakin ƙofa kar ki bi layi. In kuwa kika ji ko kika ga wani abu kamar igiya ya leƙo, cibiya ce ta riga yaro fitowa, ki durƙusa kamar mai sujada ƙirji a ƙasa ƙugu a sama, a mota kuma ki kwanta ta gefen hagu a tokare ƙugunki da filo ya ɗaga sama, kar a yi ƙoƙarin maida ta. In aka je aka ce fitsari ne kin yi asarar kuɗin adaidaita kawai, mu ba ma jin haushin irin wannan zuwan.

Ki sake rubuto min bayan sikanin ɗin sati 16, ina son jin milimita nawa aka samu.